Haushin Kare a Ƙofar Gida: Nazari kan Horar da Karen Gadi a Karare da Kewayenta

A ƙauyukan da ke gefen Dajin Rugu, irin su Karare da sauran garuruwan da ke tsakanin Batsari da Safana, mai kiwon kare yana neman abu biyu daga dabba ɗaya, kuma abubuwan nan biyu suna karo da juna. Yana so idan dare ya tsala, wani ya doso danga ko garke, kare ya tashe shi tun mutumin bai iso ba. Yana kuma so idan surukinsa ya yi sallama da hantsi, ko maƙwabciya ta shigo ɗiban wuta, kada karen ya tare su a zaure da haushi har sai an fito da sanda. Mafi yawan abin da aka rubuta kan hana kare haushin baƙi an rubuta shi ne don mazauna biranen Turai da Amurka, inda haushi hayaniya ce kawai mai damun maƙwabta. A wannan yanki lamarin ya wuce haka, don haushin kare yana iya zama gargaɗin farko da gida zai samu.

Ba sai an tsawaita bayani kan halin da yankin ya shiga ba. A watan Fabrairun 2020 'yan bindiga sun kashe mutum 30 a ƙauyukan Tsauwa da Ɗankar cikin ƙaramar hukumar Batsari. A watan Satumban 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, har da Batsari da Safana, ya zama ko mutum ya ga abin tsoro ba shi da hanyar kiran ɗan'uwansa na ƙauyen gaba. A watan Oktoban 2023 gwamnatin Malam Dikko Umar Raɗɗa ta ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta jihar. Duk da waɗannan matakai, abin da ke kwana a ƙofar talaka, wanda ba ya buƙatar caji ko sabis, shi ne karensa. Saboda haka wanda ya horar da kare a nan har ya daina haushi gaba ɗaya ya yi wa kansa asara. Wanda kuma ya bar shi yana haushin kowa da komai, tun daga akuyar maƙwabta har zuwa yarinya mai tallar ƙosai, shi ma ya yi asara, don mutanen gida za su saba da ƙarar, ranar da haushin gaske ya zo su juya su ci gaba da barci. Abin da ya kamata a nema shi ne kare mai yin haushi ya sanar, sannan ya yi shiru idan maigidansa ya ce ya isa.

Kafin a kai ga yadda ake samun haka, sai an fahimci mene ne haushi. Kyarkecin ƙasashen sanyi, wanda masana suka tabbatar daga jinsinsa kare ya samo asali, ba kasafai yake haushi ba. Yawan haushi ɗabi'a ce da ta bunƙasa bayan kare ya zauna da mutum. Kunnen kare yana kama sautin da ya kai girgiza kusan 45,000 a sakan guda, alhali na mutum yana tsayawa wajen 20,000, ga shi kuma hancinsa ya ninka namu nesa ba kusa ba. Shi ya sa sau da yawa akan zarge shi da haushin banza, alhali ya ji abin da mai zargin bai ji ba.

Haushin ma ba iri ɗaya ba ne. A shekarar 2004 Sophia Yin da Brenda McCowan, masu bincike a Kalifoniya ta Amurka, sun naɗi muryoyin karnuka 10 a yanayi uku: lokacin da baƙo ya buga ƙararrawar ƙofa, da lokacin da aka bar kare shi kaɗai, da lokacin wasa. Sun gano haushin baƙo yana da kauri da kaushi, yana kuma zuwa a jere da sauri, na kaɗaici da na wasa kuwa siriri ne. A 2005 Péter Pongrácz da abokan aikinsa a Budapest ta ƙasar Hangari sun kunna wa mutane haushin karnuka da aka naɗa, sai ga shi har waɗanda ba su taɓa kiwon kare ba suna iya rarrabe yanayin da aka yi haushin fiye da yadda canki-canka zai bayar. Mafarautanmu da makiyaya ba za su yi mamakin wannan ba. Tsohon mafarauci yana kwance a ɗaki yakan gaya maka wannan haushin na mutum ne, wancan na dabba ne. Binciken ya auna abin da kunnen ƙauye ya daɗe da sani, kuma amfaninsa a gare mu shi ne tabbatar da cewa haushi saƙo ne da ake iya karantawa. Horon kirki yana tsare wannan saƙo, yana rage hayaniyar da ke binne shi.

To, me ya sa haushin ƙofa yake ƙaruwa kullum maimakon ya ragu? Amsar tana cikin ƙa'idar da masana halayyar dabbobi suka daɗe da kafawa, tun daga gwaje-gwajen Edward Thorndike a 1898 har zuwa littafin B. F. Skinner na 1938: duk aikin da dabba ta yi ta ga ya biya mata buƙata, za ta maimaita shi. A duba abin da ke faruwa a ƙofar gidan Bahaushe kowace rana. Almajiri ya tsaya yana bara, kare ya taso da haushi, almajiri ya ruga. Mai talla ta leƙo, kare ya yi haushi, ta ja da baya. Mai wucewa ya bi ta gefen danga, kare ya bi shi da haushi har ya ɓace, ko da yake shi dama wucewa zai yi. A lissafin kare, duk waɗannan mutane haushinsa ne ya kore su. Kowace rana yana samun shaida sau da dama cewa dabarar tana aiki, ba tare da kowa ya yi niyyar koya masa ba. Idan aka ƙara da yaran unguwa masu jifan kare da dutse duk inda suka gan shi, sai tsoro ya haɗu da wannan darasi: mutumin waje abin cutarwa ne, haushi kuma shi ne maganinsa.

Akwai wani darasi na biyu da ke tafiya tare da wannan, irin wanda Ivan Pavlov na Rasha ya yi suna da shi, inda kare ke danganta wani sauti da abin da ke biyo bayansa. Sallama ita ce sautin da ke gabatar baƙo a gidajenmu. Idan kullum abin da ke biyo bayan sallama shi ne tashin hankali, yara su ruga zaure, uwargida ta ɗaga murya tana cewa a kama karen nan, maigida ya daka tsawa, to kalmar sallamar kanta za ta zama abin da ke tayar wa kare da jijiyar wuya tun bai ga mai yin ta ba. Tsawar da ake daka masa kuwa, a kunnensa ba ta da bambanci da a ce maigida ya taya shi haushi.

A nan ne maganar duka ta shigo, kuma ina ganin nan ne aka fi yin kuskure. Sanda tana sa kare ya yi shiru a take, shi ya sa mutane suka yarda da ita. Amma tsoron baƙon da ke cikinsa yana nan, har ma an ƙara masa dalili, tunda yanzu zuwan baƙo yana jawo masa zafi daga hannun maigidansa. Abin da sanda ta kashe shi ne gurnani da haushi, wato alamomin da ke gaya wa mutum ya ja da baya. Karen da aka dake har ya daina gargaɗi shi ne wanda ke lallaɓowa ya kama ƙafar baƙo ba tare da ya yi ko tari ba. A 2009 Meghan Herron da abokan aikinta a Jami'ar Pensilbaniya sun tambayi masu karnukan da aka kawo asibitinsu saboda matsalar ɗabi'a, sai aka samu kashi 43 cikin ɗari na karnukan da aka daka ko aka shura sun mayar da martani da faɗa. Adalci ne a faɗa cewa waɗannan karnuka dama masu matsala ne, ba za a ɗora adadin a kan kowane kare ba. Duk da haka alƙiblar da binciken ya nuna a fili take, kuma ta dace da abin da ido ke gani. A wuri irin Karare duka yana da wata illa ta daban: kare ba ya sanin wane haushi aka dake shi a kai, don haka yana iya ɗauke na dare tare da na rana.

Abin sha'awa shi ne ma'aunin da muke nema yana cikin littattafan da ake karantawa a zaurukan malamanmu. Aya ta 4 cikin Suratul Ma'ida ta halatta cin abin da dabbar farauta horarriya ta kamo, sai malaman fiƙihu suka tsaya su fayyace mece ce horarriya. Siffar da suka bayar ita ce wadda idan aka sake ta za ta tafi, idan aka tsawatar mata za ta tsaya. Rabi na biyun nan shi ne batunmu. Karen da ba ya tsayawa idan an ce ya tsaya ba a kiransa horarre, komai zafinsa. Game da ajiye kare kuwa, hadisi ya keɓe na farauta da na tsaron dabbobi da na tsaron shuka, Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a 996 Miladiyya, ta kuma tsananta kan ajiye shi cikin gidaje. Amma masu sharhin Risalar sun kawo labarin cewa shi kansa mawallafin ya ajiye kare lokacin da katangar gidansa ta faɗi yana jin tsoro, da aka tuna masa ra'ayin Imamu Malik sai ya nuna cewa da Malik ya riski zamaninsu, da zaki zai ajiye. Mutumin gefen Rugu zai fahimci wannan amsa ba tare da sharhi ba.

Yanzu ga aikin kansa. Al'adar shiga gida a ƙasar Hausa ta riga ta shimfiɗa rabin hanya, don baƙon arziki yana da tsari: yana zuwa ta ƙofa, yana ɗaga murya da sallama, yana tsayawa har a amsa, namiji ya jira a zaure ko a waje a aiko masa yaro, mace ta shiga tana neman gafara. Mai mugun nufi yakan saɓa wa duk wannan, ya zo ta bayan gida, cikin dare, a ɓoye. Kare ba ya karanta zuciyar mutum, amma ya ƙware wajen gane tsari, kuma a kan wannan bambanci za a gina horon.

Da farko a sama wa kare wurinsa, inuwa da ruwa, inda yake jin ƙofa amma ba a kan hanyar da baƙo zai bi daga zaure zuwa tsakar gida ba. A koya masa zuwa wurin nan ya kwanta tun babu baƙo, ana kiransa da kalma ɗaya, idan ya kwanta a jefa masa tukuici. Ɗan gutsuren ƙuliƙuli ko ƙanzo ko kan busasshen kifi ya isa, kuma zai fi tasiri kafin a ba shi abincinsa na yini. Sai kalmar tsayarwa. Ko wace ce aka zaɓa, misali “ya isa”, ta zama ita kaɗai ce, a faɗe ta sau ɗaya, da murya a kwance. Sirrin yana cikin lokaci. Idan kare ya yi haushi biyu ko uku, a matso kusa da shi, a faɗi kalmar, a kai tukuicin kusa da hancinsa. Kare ba ya iya sansana abu yana haushi a lokaci guda, dole ya rufe baki. Da ya yi shiru, cikin sakan ɗaya ko biyu, a ba shi. Idan aka makara har ya sake buɗe baki sannan aka ba shi, haushin aka saka wa. Da tafiya ta yi tafiya sai a riƙa tsawaita shirun kafin tukuici, a kuma daina nuna abincin tun farko.

Bayan wannan ya zauna sai a nemi taimakon maƙwabci ko ƙani da kare bai saba da shi sosai ba, ya riƙa yin sallama daga nesa, inda kare zai ji amma hankalinsa bai tashi ba. A amsa sallamar, a tura kare wurinsa, a ba shi tukuici. Gobe mai sallamar ya ɗan ƙara matsowa. Wannan dabara ta kusanto da abin tsoro sannu a hankali tare da abin daɗi tsohuwa ce. A 1924 Mary Cover Jones ta yi amfani da ita a Amurka wajen raba wani yaro da tsoron zomo, tana matso da zomon kaɗan-kaɗan yayin da yaron ke cin abin da yake so. Ƙa'idarta ɗaya ce a mutum da dabba: duk lokacin da tsoro ya rinjayi ci, an yi gaggawa, sai a koma baya. Zama gajere na 'yan mintoci kullum ya fi dogon zama na rana ɗaya. Kuma a sa ran cewa a farkon lamari haushin zai iya ƙaruwa kafin ya ragu, don dabbar da dabararta ta daina aiki takan ƙara ƙaimi kafin ta haƙura. Masu horo da yawa a daidai nan suke karaya su koma ga sanda.

Akwai shawara guda da ta cika littattafan Turawa wadda ban ga dacewarta da wannan yanki ba, wato a ba baƙo abinci ya miƙa wa kare don su saba. A birnin da babban abin tsoro shi ne ƙorafin maƙwabci, shawarar tana da ma'ana. A inda ɓarawo kan jefa wa kare nama mai guba kafin ya haura, koya wa kare karɓar abinci daga hannun da bai sani ba buɗe ƙofa ne. Tukuici ya fito daga hannun mutanen gida kaɗai. Abin da ake so kare ya koya shi ne zuwan mai sallama yana sa maigida ya ba shi abu, baƙon kuwa ba ruwansa da shi: kada ya zura masa ido, kada ya miƙa hannu, kada ya ruga. Ta haka kare zai natsu da baƙi ba tare da ya mayar da kowane baƙo abokinsa ba.

Da dare hukuncin ya canza. Kada a ce wa kare ya isa daga kan shimfiɗa ba tare da an saurara an gane abin da ya gani ba, don hakan yana koya masa cewa gargaɗinsa ba shi da mai ji. Sai dai kalmar tsayarwa tana da wani amfani a nan da mazaunin birni ba zai yi tunaninsa ba. Iyalin da suka fita suka ɓuya a gona ko a daji, karen da ba ya iya yin shiru zai nuna inda suke.

Duk wannan ya fi sauƙi idan an fara da kwikwiyo. John Paul Scott da John Fuller, waɗanda suka shafe shekaru suna nazarin karnuka a jihar Maine ta Amurka suka fitar da littafinsu a 1965, sun nuna cewa daga mako na 3 zuwa wajen na 12 ne kwikwiyo ke koyon abin da zai ɗauka nasa da abin da zai ji tsoro. Wani gwaji na 1961 ya nuna 'yan kwikwiyon da ba su yi hulɗa da mutum ba har mako 14 sun tashi da tsoron mutane mai wuyar cirewa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kwikwiyon da ya ga tsofaffi masu sanda, da mata masu lulluɓi, da yara, da masu babur, duk cikin kwanciyar hankali, zai girma ya san waɗannan ba abin firgita ba ne. Akwai masu ɓoye kwikwiyo a ɗaure don wai ya yi zafi. Abin da suke samu shi ne kare matsoraci mai cizo, wanda ba ya bambance ɓarawo da jikan gida. Babban kare ma yana koyo, sai dai yana ɗaukar lokaci, kuma ɗaure shi a turke dare da rana ba tare da sakewa ba yana ƙara masa ƙunci da faɗa.

Abin da ya fi rusa horo shi ne rashin haɗin bakin mutanen gida. Maigida yana gona ko kasuwa mafi yawan yini, masu amsa sallama su ne mata da yara. Idan shi kaɗai kare ke ji, horon bai yi amfani ba a lokacin da aka fi buƙatarsa. Dole uwargida da amarya da manyan yara su san kalmar, su faɗe ta iri ɗaya, a kuma hana ƙanana zuga kare a kan abokan wasansu.

Horon yana da iyaka da ya kamata a sani. Kare ba zai yi haushin wanda ya saba da shi ba ko da shi ne mai kai rahoton gidan ga miyagu, kuma wanda ya yi sallama da rana yana iya zama mai leƙen asiri. Tantance mutane aikin mutane ne. Alhaki ma yana kan mai kare: a fiƙihun Malikiyya, wanda ya ajiye kare mai cizo aka gargaɗe shi bai ɗauki mataki ba, zai ɗauki nauyin ɓarnar da karen ya yi. Karen da ya riga ya ciji mutum ya wuce matakin ƙuliƙuli da kalma, sai a tsare shi nesa da baƙi a nemi shawarar malamin dabbobi.

Cizo kuma yana jawo maganar ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar tana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kuma kusan duka ta hanyar kare ake kamuwa. Da zarar alamunta sun bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai a tsira. Karen da halinsa ya juya farat ɗaya, muryarsa ta canza, yana dalalar da miyau ko yana cizon duk abin da ya tarar, ba horo yake buƙata ba, a nisance shi a sanar da jami'an dabbobi. Wanda aka ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa na tsawon minti 15, ya tafi asibiti a ranar. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom kusa da Jos tana yin allurar rigakafin karnuka, ana fara yi wa kwikwiyo daga wata uku a riƙa sabuntawa. Kirana ga sassan kula da dabbobi na ƙananan hukumomin Batsari da Safana shi ne su kai wannan allura har ƙauyuka irin su Karare, kuma a ranar da aka tara masu karnuka don rigakafi, a nuna musu a aikace yadda ake tsayar da kare da kalma ɗaya ba tare da sanda ba.